Maigidana ya ce jininsu ba ya jin taba: in kai shi gwaji da kuɗin adashena?

Saƙo ta hannun admin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don girman Allah a sakaya sunana.

Ina aure a nan Jos, wajen Anguwan Rogo, da 'ya'ya huɗu. Maigidana direban babbar mota ne, yana lodin dankalin Turawa da kabeji daga Bokkos da Mangu ya kai Kudu. Shekarunsa 43, kuma da sigarinsa na same shi. In yana gida yakan rage saboda idon yara, amma yaron motarsa ya tsegunta min cewa a hanya, balle da hunturu, kwali guda ba ya kai shi dare.

Bara yayansa, ciki ɗaya, ya rasu da kansar huhu yana da shekara 51. Shi ma yana sha. Na zaci wannan zai sanyaya wa maigidan jiki, amma ko gezau. Hujjarsa kullum ita ce mahaifinsu, Allah ya jiƙansa: ya sha taba tun zamanin kamfanonin kuza, ya haura tamanin, kuma tsufa ne ya kwantar da shi. Wai shi jinin Baba ya ɗebo, marigayi kuma na dangin uwa. Har nuna min tsayinsa da wushiryarsa yake yi, wai duk na Baba ne.

Da na ba ƙanwata labari, ita tana karatu a Jami'ar Jos, sai ta ce maganarsa ba ta rasa ƙamshin gaskiya, don an koya musu cewa jikin wasu ya fi na wasu iya kashe gubar taba, kuma gado ne, har gwadawa ana yi. Ƙarshen wata ni ce da kwasar adashe. Niyyata in lallaɓa shi a yi masa gwajin, ko da a Abuja ne, in ya gani a rubuce cewa yana cikin haɗari wataƙila ya bari. Masana a cikinmu, da gaske akwai wannan abu? Kuma in kashe kuɗin?

Af, kuma yana ɗan tari tun bayan babbar sallah, ya ce sanyin Jos ne.

Maman Walid

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan marigayi, ya sa ya huta. Maganar gwaji na bar wa masu ita, amma 'yar uwa, abin da kika jefo a ƙarshe kamar ba komai ba shi ya fi tsaya min a rai. Tun babbar sallah fa kika ce.

Ɗan Gangare

Hajiya, ki adana kuɗinki ki sayi buhun masara. Kakana taba gari yake cusawa a baki ya bi da sigari, sai da ya kusa casa'in. Limamin layinmu ko warinta ba ya so, kansa ce ta ɗauke shi. Kowa da ranarsa.

Abu Hanif

Baiwar Allah, ilimin sinadaran jiki nake koyarwa, kuma abin da ƙanwarki ta faɗa haka yake a littafi. Sai dai inda maigidanki ya kai maganar ba can ta nufa ba. A yi haƙuri, zan ɗan ja.

Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo kansa. Da yawansu ba sa ɓarna a yadda suka shigo, jikin ne da kansa yake wasa su. A hanta, har da huhu, akwai abubuwan da ake kira enzayim, aikinsu sarrafa duk wani baƙon abu da ya shiga jini, magani ne ko guba, har ya zama abin da zai narke ya fita ta fitsari ko bayan gida. Aikin hawa biyu ne. A hawa na farko ana ɗosana wa sinadarin oksijin don a sami inda za a kama shi. A na biyu ana liƙa masa wani abu da zai kashe kaifinsa a fitar da shi. Matsalar tana tsakanin hawan nan biyu, domin abin da ya fito daga na farko sau da yawa ya fi wanda ya shiga mugunta.

Akwai wani sinadari a kwaltar taba, benzofayirin. Enzayim ɗin CYP1A1 da 'yan uwansa ne ke taɓa shi a hawa na farko, sai ya rikiɗe ya zama abin da ke manne wa DNA, wato kundin bayanan gado da ke cikin ƙwayoyin jiki. A 1996 masu bincike a Amurka suka nuna cewa wuraren da yake mannewa a ƙwayar gado ta p53, wadda aikinta taka wa ƙwayar jikin da ta fara lalacewa burki, su ne dai wuraren da ake tararwa a lalace a kansar huhun masu shan taba. A hawa na biyu akwai dangin enzayim da ake kira GST. Ɗaya a cikinsu, GSTM1, kusan rabin Turawa ba su da shi kwata-kwata, haka aka haife su, ba su samu ta wajen uwa ba, ba su samu ta wajen uba ba. A Afirka ta Yamma marasa shi ba su kai haka yawa ba, amma akwai su. Sai NAT2, mai kashe wasu sinadaran da in sun kuɓuce masa a hanta suke gangarawa mafitsara. Na wasu mai sauri ne, na wasu mai nawa, kuma masu mai nawa in suna shan taba sun fi kamuwa da kansar mafitsara.

Shi kansa nikotin, wanda ke kama mutum ya kasa bari, CYP2A6 ne ke rushe mafi yawansa. Wanda nasa ke da sauri, nikotin na ƙarewa a jininsa da wuri, sha'awa ta taso, ya kunna wani karan. Wanda nasa ke da nawa yakan sha ƙasa da haka, kuma bari ya fi zo masa da sauƙi. A Japan akwai mutane da yawa da wannan enzayim nasu ba ya aiki sosai, kuma an ga kansar huhu ta yi ƙasa a masu shan tabar cikinsu, don hayaƙin da suke zuƙa bai kai na saura ba, sannan shi wannan enzayim yana cikin masu kunna wata gubar taba da ake kira NNK.

To ga inda gizo ke saƙar: girman bambancin. A manyan binciken da aka tattara, ƙarin haɗarin da rashin GSTM1 ko NAT2 mai nawa ke kawowa bai kai ninki biyu ba. A kansar mafitsara wajen ɗaya da rabi ne, a ta huhu ma bai kai haka ba. Shan sigarin kansa kuwa yana ninka haɗarin kansar huhu sau 15 zuwa 30. Tunda direba ne, ki faɗa masa da yarensa: motoci biyu na iya bambanta a ƙarfin birki, ba musu, amma babu direba mai hankali da zai sako Hawan Kibo a guje da cikakken lodi don an ce masa birkinsa ya ɗan fi na abokinsa kamawa.

Mai tambaya, ta hannun admin

Malam, Allah ya ƙara basira. Na fahimta. Amma Baba fa? Nan ne kullum yake rufe min baki, don ni ma na ga tsohon da idona, da karansa a hannu har ya tsufa.

Abu Hanif

Hajiya, abin da ya faru da Baba ba abin mamaki ba ne, shi ne ma abin da ya fi yawa. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2000 ya lissafa cewa a cikin maza 100 da suka ci gaba da shan sigari, kimanin 16 ne kansar huhu za ta kashe kafin shekara 75. Kin ga sauran 84 ba ita ce ke kashe su ba, kuma kowannensu yana da ɗa ko jika da zai kafa hujja da shi. Amma 16 cikin 100 ba wasa ba ne, kuma kansar huhu ƙofa ɗaya ce kawai. In aka haɗa da ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da toshewar huhu, taba tana kashe har kusan rabin waɗanda suka dawwama a kanta. An bi likitocin Ingila maza sama da 34,000 tun daga 1951 har shekara 50, aka ga masu sha sun rasa wajen shekara 10 na rayuwa idan aka gwada su da marasa sha.

Batun "jinin Baba" kuma, ba a gadonsa a dunƙule. Kowane ɗa rabi yake samu daga uba, rabi daga uwa, da shi da marigayi duka. Ƙwayoyin gadon da na lissafa a warwatse suke: GSTM1 yana kan kuromosom (wato ƙunshin ƙwayoyin gado) na 1, NAT2 na 8, CYP1A1 na 15, CYP2A6 na 19. Tsayi da wushirya ba su ba da labarin ko ɗaya a cikinsu. In ma dangi za a duba, wanda ɗan uwansa ciki ɗaya ya yi kansar huhu, haɗarinsa ƙaruwa yake yi, wajen ninki ɗaya da rabi. Maigidanki ya zaɓi ya kalli Baba ne kawai don shi ya fi daɗin kallo.

Sannan akwai abin da gado ba ya iya tsarawa. A 2016 an ƙiyasta cewa kwali ɗaya a rana tsawon shekara yana barin sauye-sauye kusan 150 a DNA na kowace ƙwayar huhu. Yawancinsu suna faɗawa inda ba su da illa. Kansa tana tashi ne in 'yan kaɗan suka taru a wurare masu muhimmanci cikin ƙwaya guda. Ko tagwaye masu kama ɗaya, masu enzayim iri ɗaya, ɗaya na iya kamuwa ɗaya ya tsira.

Ga wadda za ki riƙe, don ta fi amfani gare shi: a wancan lissafi na 2000, wanda ya bari yana da shekara 50 haɗarinsa ya sauko daga 16 cikin 100 zuwa 6, wanda ya bari a 40 kuma zuwa 3. Shi yana 43.

Anti Famasist, Rikkos

Ƙanwata, amsar tambayarki ta biyu a gajarce: kada ki kashe.

Gwajin akwai shi, da yawu ma ake yi ko ɗan jini, amma kayan bincike ne da na kamfanonin da ke sayarwa ta intanet. Ba irin gwajin AA da AS da muke yi kafin aure ba ne, inda ƙwayar gado ɗaya tal take yanke magana. Nan ƙwayoyi ne barkatai, kowace da ɗan abin da take ƙarawa ko ragewa, kuma likitoci ba sa amfani da shi wajen ce wa mai shan taba kai ka tsira, kai ba ka tsira ba.

Yanzu ki yi tunanin ranar karɓar sakamako. Malam ya ce a yankinmu masu GSTM1 sun fi marasa shi yawa. Ke nan abin da ya fi yiwuwa shi ne takarda ta fito ta ce maigidanki yana da shi. Wallahi leda zai sa mata ya ajiye a gaban mota, duk ranar da kika yi magana ya zaro miki. Da kuɗin adashenki kin saya masa lasisi. In kuma ta fito da mummunan labari, shi ma ba tabbas: a 2016 an tattara gwaje-gwajen da aka yi na faɗa wa mutane haɗarinsu na gado, aka ga hakan bai sa masu shan taba sun daina ba. Mutumin da ya sa yayansa a kabari bai bari ba, takarda ce za ta sa shi?

Ba wai ilimin ba shi da amfani ba ne. Mu a wajen magani muna ganinsa. Shi NAT2 ɗin nan shi ne ke rushe isoniyazid, ɗaya daga magungunan tarin fuka, kuma tun shekarun 1950 aka lura wasu maganin yana daɗewa a jikinsu, sun fi samun jin ƙafa tana zugi ko hanta ta taɓu. A ɓangaren barin taba ma, wani gwaji da aka buga a 2015 a Amurka da Kanada ya nuna masu rushe nikotin da sauri sun fi dacewa da ƙwayar bareniklin, masu nawa kuma filastar nikotin ta ishe su. Amma ba sai an je ɗakin gwaji ba kafin a fara. Tambaya biyu muke yi: kara nawa a rana, kuma in ya farka da safe minti nawa kafin na farko. Wanda ke kunnawa cikin rabin awa da tashi, kamun ya yi ƙarfi, kuma irinsa bari da ƙarfin zuciya kaɗai yana yi masa wuya. A nan ne kuɗinki zai yi aiki: ganin likita, filasta ko cingam na nikotin in an samu a manyan shagunan magani. Bareniklin kuma sai likita ya rubuta, a kuma faɗa masa mutumin direba ne, don takan sa wasu jiri ko barci.

Nas a ɓangaren ƙirji

Ina bayan Maman Walid. Duk wannan karatu yana da kyau, amma tarin ne na gaggawa. Ƙa'idarmu, tarin da ya kai mako biyu a gwada kaki. Gwajin tarin fuka kyauta ne, maganinsa ma kyauta, na wata shida. Ana yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, da asibitin ƙwararru na jiha, da Jankwano, da ƙananan asibitocin unguwa da yawa. Shan taba yana ƙara haɗarin tarin fuka kusan ninki biyu, kuma kuna ɗaki ɗaya da yara.

Ki kula da wannan sosai. A ƙasarmu kansar huhu tana yawan shigowa da kamannin tarin fuka, a yi ta shan magani wata da watanni kafin a gane. Idan kaki ya fito babu komai amma tari bai tsaya ba, kada ku koma kemis ana canza muku kafso. A yi hoton ƙirji, kuma ki tabbata likita ya ji abu biyu da bakinki, tunda maza ba sa faɗa: yawan abin da yake sha a hanya, da ciwon da ya kashe yayansa. Hoton ƙirji na yau da kullum yana iya tsallake ƙaramin ƙari, don haka in likita ya ce a yi na CT kada a ce tsada, wannan shi ne wurin kashe adashen.

Abubuwan da ba a kwana da su: jini a kaki, rama ba dalili, dashewar murya da ta ƙi tafiya, zufan dare, numfashi sama-sama. Jini a fitsari kuma, ga mai shekara 43 da ke shan taba, kada a ce tsargiya ce a yi shiru.

Ɗan Gangare

Malam, duk lissafin nan naka daga Ingila sai Amurka sai Japan. Jikin Bature ɗaya ne da na Bahaushe? Wa ya zo Gangare ya gwada mu?

Abu Hanif

Wannan karon ka taɓo gaskiya, ɗan uwa. Yawancin binciken ƙwayoyin gado a kan Turawa aka yi shi, alhali Afirka ta fi ko'ina a duniya bambancin gado tsakanin mutum da mutum. Akwai nau'o'in CYP2A6 da ake samu a baƙar fata waɗanda da wuya ka gan su a Turai. Amma ka duba inda hujjar taka ta faɗa: ta ƙara nuna cewa gwajin da aka gina a kan Turawa ba zai karanta mijin Hajiya daidai ba. Ba ta wanke taba ba.

Kuma abin da aka gani a baƙar fata ba mai kwantar da hankali ba ne. A 2006 an buga wani babban bincike da aka yi a Kalifoniya da Hawai a kan ƙabilu biyar. A tsakanin masu shan abin da bai wuce kara 30 a rana ba, baƙaƙen Amurka da 'yan asalin Hawai ne suka fi kamuwa da kansar huhu, sama da Turawa, Japanawa kuma suna can ƙasa. Baƙin Amurka ba Bahaushen Jos ba ne, abinci da aiki da irin tabar duk sun bambanta, amma mafi yawan kakanninsu daga yammaci da tsakiyar Afirka aka kwashe su. Limaminku kuma, Allah ya gafarta masa, ba wanda ya ce taba kaɗai ke kawo kansa.

Baba Alhaji, Bukuru

'Yata, ni na ga ƙarshen zamanin kamfanonin nan. Surukinki ba shi kaɗai yake zuƙa ba, duk bariki ana sha. Ki tambayi mijinki, abokan Baba da suke zama tare ina suke? Da yawa tun muna samari aka ce "ciwon ƙirji" ko "tarin ma'aikata", aka kai su. Ba wanda ya ɗauki hotonsu, ba wanda ya sa wa ciwon suna. Wanda ya rage shi ake gani. Shi marigayi yayan mijinki wace sana'a ya yi?

Mai tambaya, ta hannun admin

Baba, ya daɗe yana wankin kuza wajen Barikin Ladi kafin ya koma tuƙi.

Abu Hanif

To kin ji. Wannan ma ya isa ya bambanta shi da ƙaninsa ba tare da an taɓo dangin uwa ba. Ƙurar dutse tana cin huhu, kuma ƙasar da ake bari bayan an wanke kuza a Filato tana da ma'adinai masu fitar da radiyeshon, masu bincike a jami'o'in ƙasar nan sun daɗe suna aunawa. Iskar radon da ke taruwa a ramuka ita ce ta biyu bayan taba wajen kawo kansar huhu, kuma ta fi yi wa mai shan taba illa nesa ba kusa ba. Sai dai kada maigidan ya ce to shi bai shiga rami ba. Tun 2012 hukumar binciken kansa ta duniya da ke Faransa ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu, kuma shi a cikinsa yake wuni.

Tsohon Direba, Farin Gada

Hajiya, ni na yi hanyar nan, kuma na sha fiye da mijinki. Ku masu karatu kun faɗi naku, bari in faɗi na tasha. Direba ba don daɗi yake sha ba, don barci ne da sanyi da kaɗaici. Ka taso daga Mangu da asuba, hazo ya rufe hanya, yaron mota ya yi barci, to karan nan shi ne abokin hira. In kika ce masa "za ka mutu" dariya zai yi, don kullum yana wuce motocin da suka kife. Ni abin da ya karya ni, 'yata ƙarama ce ta ƙi zuwa hannuna ta ce ina wari.

Da azumi na bari. Tunda ka iya haƙura daga asuba zuwa magariba, saura na dare. Wuyar tana kwanakin farko, kai kamar zai tsage, kowa haushinsa kake ji, ki shirya haƙuri da shi. Na riƙa ajiye asuwaki da gyaɗa da dabino a gaban mota don baki da hannu su sami aiki, na kuma daina zama teburin mai shayin da muka saba, don can ake miƙo maka kara ba ka tambaya ba. Wai doka ta hana sayar da kara ɗai-ɗai tun 2015, je ki tasha ki gani.

Abu ɗaya ya ba ni tsoro. Da na bari, sai na ƙara goro da Nescafé don cike gurbi. Zuciyata ta riƙa bugawa, hannu na rawa, barci ya ƙaurace. Saura kaɗan in koma, na ɗauka rashin tabar ne zai kashe ni.

Anti Famasist, Rikkos

Alhaji, ba rashin taba ba ne, goron ne ya yi maka yawa, kuma nan ma maganar enzayim ce. Wanda ke rushe kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da kofi da shayi, sunansa CYP1A2. Hayaƙin taba yana zuga hanta ta ƙera shi da yawa, shi ya sa mai shan sigari zai sha kofi mai kauri ya kwanta ya yi minshari. Da an bari, cikin mako guda enzayim ɗin ya koma yadda yake, sai goron da ka saba ci ya daɗe a jini. Wanda zai bari ya rage goro da kofi zuwa rabi, ba ƙarawa ba. Haka masu shan tiyofilin na asma, ko olanzafin da kulozafin na taɓin hankali, dole likitansu ya sani in za su bar taba, don a rage musu. Kun ga ke nan ba gado kaɗai ke juya waɗannan enzayim ba, abin da mutum ke zuƙa ma yana juya su.

Ustaz Abu Maryam

Ɗan Gangare, ajali gaskiya ne, amma ba a kafa hujja da shi a kan ganganci. Allah ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka, a Baƙara aya ta 195. Ke kuma 'yar uwa, ki kiyaye yi masa maganar a gaban yara ko yaran mota, namiji in aka ƙure shi a gaban na ƙasa da shi sai ya kafe. Ki nemi wanda yake jin nauyi, kawu ko amini, ya fi kyau wanda ya yi jinyar marigayi ya ga yadda ƙarshen ya kasance.

Maman Walid

Kuma ko bai bari yau ba, a cikin ɗaki da gaban yara kam a'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan ɗaya ke mutuwa duk shekara da hayaƙin wasu, ba su taɓa kunnawa ba. Yaran nan su ma rabin jininsa ne, ba wanda ya san irin enzayim ɗin da kowannensu ya ɗauko. Mu ma mata mu duba kanmu da icen girki a rufaffen kicin lokacin sanyi.

Mai tambaya, ta hannun admin

Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Ya dawo jiya da dare. Ban ambaci taba ba sam, na ce masa saboda auta ne nake so a gwada tarin, kuma kyauta ne. Ya yarda zai ba da kaki ranar Litinin kafin lodi. Hoton ƙirji ya ce sai ya gani. Maganar bari kuwa ban tayar ba tukuna, na dai kira kawunsu. Gwajin Abuja na fasa.

Nas a ɓangaren ƙirji

Madalla. Ya kurkure baki da ruwa, ya ja numfashi sosai ya kakaro daga ƙirji, ba yawu ba, in ba haka ba sai a ce ya sake. Ku ba da lambar wayarki tare da tasa, don sakamako na iya fitowa yana hanya.

Tsohon Direba, Farin Gada

Hajiya, ki tura wa admin tashar da yake lodi. In wajenmu ne wataƙila ma na san motar, zan same shi a matsayin direba da direba, ba zan ce ke kika aiko ni ba.